Digirin kwamfuta da kasuwanci: shin taura biyu na taunuwa?

Tambaya: Malam, na gama sakandare kuma na samu gurbin karatu biyu. Ɗaya kimiyyar kwamfuta ce zalla, ɗayan kuma kwas ne da ya haɗa kwamfuta da kasuwanci. Zuciyata ta fi kwanciya da na biyun, amma yayana ya ce zan fito kamar jemage, ban zama tsuntsu ba, ban zama dabba ba. Wanne ya kamata in ɗauka?

Amsa: Ƙanena, yayanka bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba. Na koyar a irin wannan kwas, kafin nan kuma na daɗe ina rubuta wa kamfanoni manhajar lissafin kuɗi, saboda haka jemagun da yake nufi na gan su da idona. Na kuma ga waɗanda wannan digirin ya kai su wurin da abokansu masu digiri zalla sai da suka shekara biyar ko shida kafin su leƙa. Abu biyu ne ke raba su: yadda jami'a ta gina kwas ɗin, da kuma ko ɗalibin ya zaɓi ɓangare ɗaya ya mai da shi gidansa.

Bari mu fara da lissafi, tunda shi ne ba a faɗa a takardar tallar jami'a. Digiri buhu ne, yana da iyakar abin da zai ɗauka. A yawancin ƙasashen Turai ana ƙirga kiredit, wato ma'aunin nauyin darussa, 60 a shekara, wato 180 a digirin shekara uku. A Ingila 120 ne a shekara, 360 ke nan gaba ɗaya. A Amurka kusan 120 ne a shekara huɗu, bisa nasu ma'aunin. Ko wane ma'auni aka bi, haɗa fanni biyu ba ya ƙara wa buhun girma. In an zuba darussan kasuwanci, to an kwashe wasu darussan kwamfuta, an kuma kwashe wasu na kasuwancin. Don haka tambayar da za ka fara yi wa jami'ar ita ce: me kuka cire?

Sannan sunan kwas ɗin ba ya gaya maka komai, domin abubuwa daban-daban ne ke yawo da suna kusan iri ɗaya. Akwai wanda aka raba biyu: rabin darussanka a sashen kwamfuta, rabi a makarantar kasuwanci, kai ne za ka haɗa su a kanka. Akwai wanda aka gina shi tun daga tushe a matsayin fanni guda, wanda ake kira tsarin bayanai na gudanarwa. Wannan ya tsufa fiye da yadda mutane ke zato, domin Jami'ar Minnesota ta buɗe shirinta tun 1968, kuma a Jamus da Ostiriya fanni ne mai zaman kansa da sassansa da farfesoshinsa. Akwai kuma digiri biyu cikakku da ake yi a tare. Jami'ar Waterloo da maƙwabciyarta Wilfrid Laurier a Kanada suna da irinsa, kuma shekara biyar yake ɗauka, saboda sun yarda cewa buhu ɗaya ba zai ɗauke kayan ba. Jami'ar Pennsylvania ma tana da shirin da ya haɗa injiniyanci da makarantar kasuwanci ta Wharton tun 1977.

Na huɗun shi ne wanda yayanka ke tsoro, ni ma shi nake tsoro: digirin kasuwanci ne aka yayyafa masa darussan kwamfuta uku ko huɗu, aka maƙala masa kalmar "kwamfuta" a suna don ya ja ɗalibai. Wanda ya fito daga nan ya iya Excel, ya taɓa jin sunan rumbun bayanai, ya rubuta shafin intanet guda a shekara ta biyu. In aka zaunar da shi gaban matsala ta gaske, sai ido ya raina fata.

Ta yaya za ka gane wanne ne a gabanka? Ka nemi jerin darussa na kowace shekara, na dole da na zaɓi, ka zauna da biro. A ɓangaren kwamfuta, abin da ba zan yafe ba shi ne darasin rubuta manhaja aƙalla biyu a jere, na biyun yana ɗorawa a kan na farko. Darasin algoridim, wato matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya, da hanyoyin jera bayanai a cikin na'ura. Lissafin da kimiyyar kwamfuta ke tsaye a kansa, wato mantiƙi da ƙirga yiwuwa da makamantansu. Cikakken darasin rumbun bayanai inda za ka rubuta SQL, harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi, da hannunka har ya zame maka jiki. Da kuma ko da darasi ɗaya a kan yadda na'ura ke tafiyar da kanta da yadda kwamfutoci ke magana da juna. In babu darasin algoridim a cikin na dole, ka ajiye takardar, na huɗun nan ne. Ka kuma duba ko tare da ɗaliban kimiyyar kwamfuta zalla za ku zauna a aji, ko kuwa an tanadar muku wani "sauƙaƙaƙƙen" darasi na daban. Zama aji ɗaya da su ya fi wuya, ya kuma fi albarka.

Abin da aka saba cirewa shi ne yadda ake gina manhajar da ke fassara harshen manhaja zuwa harshen na'ura, da nazariyyar abin da kwamfuta za ta iya warwarewa da wanda ba za ta iya ba, da ƙirar cikin na'urar kanta, da lissafi mai zurfi. Mafi yawan masu rubuta manhaja a kamfanoni suna gama aikinsu ba su nemi waɗannan ba. Amma in burinka bincike ne, ko digirin digirgir a ƙirƙirarriyar basira, ko ƙera na'urori, ko tsaron intanet na can ciki, to waɗannan su ne ginshiƙin, kuma maganar ta ƙare a nan: ɗauki kimiyyar kwamfuta zalla, kada ka waiwaya.

A ɓangaren kasuwanci zan faɗi ra'ayina ko da abokan aikina ba za su ji daɗi ba. Darussan ba darajarsu ɗaya ba. Aikin akanta, da sarrafa kuɗi, da ƙididdiga, da tattalin arziki, da yadda ake tafiyar da kaya daga masana'anta zuwa hannun mai saye, da ɗan abin da ya shafi dokar kwantiragi, waɗannan ilimi ne mai ƙashi, ba a tsintarsa a hira. Wasu darussan shugabanci da dabarun gudanarwa kuwa, ga ɗan shekara goma sha tara da bai taɓa jagorantar ko mutum biyu ba, yawancinsu haddar kalmomi ne. Za su yi maka amfani wata rana, amma sai ka ɗanɗani aiki tukuna. In kana da damar zaɓi, ka cika gurbin da akanta da ƙididdiga.

Yanzu ga gundarin shawarata. In ka ɗauki kwas ɗin, ka mai da kwamfuta gidanka, kasuwanci ya zama maƙwabcin da kake shiga kullum. Dalilina ba wai ɗaya ya fi ɗaya daraja ba ne. Ilimin kwamfuta a jere yake kamar tubali: ba za ka fahimci algoridim ba sai ka iya rubuta manhaja, ba za ka gina babban tsari ba sai ka fahimci algoridim. Kuma yana cin lokaci irin wanda sai ɗalibi ke da shi, irin daren da za ka kwana kana neman kuskure ɗaya, gari ya waye ka tarar waƙafi ne ka manta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kasuwanci kuwa ƙofofinsa a buɗe suke har tsufa. Digirin MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, da ma don ma'aikata aka yi shi, manyan makarantu ma sun fi son wanda ya yi shekaru yana aiki. Jarrabawar ƙwararrun akantoci irin ta ACCA mutane na rubuta ta suna aiki. Injiniyan da ya koyi kasuwanci yana da shekara talatin ba a ƙirga su. Manajan da ya koma ya iya rubuta manhaja ta gaske a wannan shekarun akwai shi, amma ɗaiɗai ne.

Akwai kuma maganar neman aiki. Kamfanin da ke neman mai rubuta manhaja zai ba ka matsala ya ce warware, wani lokaci a kan allo, ana kallonka. A wannan sa'ar sunan digirinka ba ya cetonka, ba ya kuma kashe ka. Wanda ya yi haɗaɗɗen kwas ya kuma riƙe algoridim da kyau zai wuce. Wanda ya dogara da cewa "ai ni na san kasuwanci" zai dawo gida.

To in haka ne, me ya sa ba za ka yi kwamfuta zalla ba kawai, ka bar kasuwanci sai gaba? Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta, kuma amsarta tana wurin da fannonin biyu suka haɗu. A nan ne kuɗi ke zubewa a kamfanoni, a nan ne kuma aka fi rasa mutane.

Ga misali ƙarami. Kwamfuta ba ta iya ajiye 0.1 daidai a irin lambobin da aka saba lissafi da su, domin da tushe biyu take ƙirga. In ka buɗe Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, ka haɗa 0.1 da 0.2, abin da zai fito ba 0.3 cif ba ne, akwai ɗan ɓurɓushi a can ƙarshe. Ga mai zana hoto a allo wannan ba komai ba ne. Ga mai lissafin kuɗi kuwa, ɓurɓushin nan in ya taru a ciniki miliyan ɗaya, littafi ba zai daidaita ba. Mai kwamfuta ya san dalilin kuskuren, akanta ya san cewa ba a yafe shi, kai da ka zauna a azuzuwan biyu ne za ka hango shi tun kafin a rubuta layin farko.

Ga na biyu. Ɗabi'ar mai rubuta manhaja ce in ya ga bayani ba daidai ba ya goge ya gyara. Akanta ba ya gogewa. In an shigar da kuɗi bisa kuskure, sai ya shigar da wani layin da ke soke na farko, duka biyun su zauna a littafi, domin mai bincike ya ga abin da ya faru da wanda ya yi. Tsarin shigar da kowane ciniki a wuri biyu, wanda masanin lissafi ɗan Italiya Luca Pacioli ya bayyana a rubuce a 1494, har yau shi ne ƙashin bayan kowace manhajar banki. Na taɓa karɓar aikin gyara a wani kamfani inda wani haziƙin yaro, wanda ya fi ni iya rubuta manhaja nesa ba kusa ba, ya sa maɓallin "goge" a littafin kuɗi don ya sauƙaƙa wa ma'aikata. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, an rasa bayanin da za a yi musu. Babu wanda ya saci ko sisi, amma babu hanyar tabbatar da hakan. Wata uku muka yi muna sake gina tarihin ciniki daga takardu.

A wannan kamfanin dai na koyi cewa kalma ɗaya na iya rusa aiki. An ce mu fitar da adadin kwastomomi. Sashen talla na ƙirga duk wanda ya yi rajista. Sashen kuɗi na ƙirga wanda ya biya. Sashen kula da jama'a na ƙirga wanda ke amfani da kayan, ko da wani ne ya biya masa. Alƙaluma uku, kowanne daidai ne, kuma an yi wata biyu ana zargin rumbun bayanai da ƙarya. Ba gyaran manhaja ya warware ta ba, zama aka yi aka tambayi kowa abin da yake nufi. Irin wannan zaman shi ne aikin da digirinka ke shirya ka dominsa.

Kada ka ɗauka ƙananan kamfanoni kaɗai abin ke ci. A ƙarshen Yuli 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya ɗora sabuwar manhaja a kan na'urorinsa bakwai cikin takwas, ranar 1 ga Agusta ta takwas ɗin ta tashi da tsohuwar, ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin kusan minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440. Wanda ya fi wannan ban tausayi shi ne na hukumar gidan waya ta Birtaniya. Manhajar lissafinta mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya gina, ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassa alhali kuɗin bai ɓata ba. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da ɗaruruwan masu kula da rassa bisa zargin sata ko ƙaryar lissafi, wasu har kurkuku. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar na da kurakurai, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Shekara da shekaru masu yanke shawara sun gaskata allo fiye da mutum, saboda ba su san yadda manhaja ke kuskure ba.

Ta ɗaya gefen kuma, wasu manyan abubuwan da aka ƙirƙiro a wannan mahaɗar suka fito. Kwamfutar farko da ta yi aikin ofis na yau da kullum, LEO, ba kamfanin na'urori ne ya gina ta ba, kamfanin J. Lyons ne na Ingila, mai gidajen shan shayi, a 1951, saboda akawunsa sun gaji da lissafin hannu. Dan Bricklin ya karanta kwamfuta a jami'ar MIT ta Amurka, yana zaune a ajin makarantar kasuwanci ta Harvard ne tunanin jadawalin lissafi mai gyara kansa ya zo masa. Shi da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979, kakan Excel ke nan. SAP, wanda manhajarsa ke tafiyar da lissafi da kayan manyan kamfanonin duniya, tsofaffin ma'aikatan IBM biyar ne suka kafa shi a Jamus a 1972. Amma ka lura da Bricklin: sai da ya ƙoshi da kwamfuta sannan ya shiga ajin kasuwanci.

Ayyukan da ke jiran mai irin wannan digiri sanannu ne: mai nazarin buƙatun kamfani ya mai da su abin da injiniyoyi za su gina, mai nazarin bayanai, mashawarci a kan manyan manhajojin gudanarwa, mai binciken tsarin kwamfutocin bankuna, mai rubuta manhaja a kamfanonin hada-hadar kuɗi. Kujerar da ɗalibai suka fi kwaɗayi, ta mai yanke shawarar abin da za a gina da abin da za a bari, ba kasafai ake ba sabon ɗan makaranta ita ba. Galibi sai ka yi shekaru a ɗaya daga cikin waɗancan. In kuma burinka kafa naka kamfanin ne, digirin zai koya maka karanta lissafinka da gina samfurin farko, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma ba zai kawo maka mai saye ba.

Za ka ji ana cewa ƙirƙirarriyar basira ta fara rubuta manhaja, don haka koyon rubutun ɓata lokaci ne. Ni akasin haka nake gani a aji. Na'urar na rubutu da sauri, tana kuma kuskure da cikakken ƙarfin hali. Wanda ya san abin da kamfani ke buƙata, ya kuma iya karanta abin da na'urar ta rubuta ya kama ta in ta kauce, shi ne ke cin riba. Wanda bai iya karantawa ba sai dai ya ce amin.

Sai wahalhalun zaman kansa, waɗanda ba a gaya wa sabbin ɗalibai. Sassa biyu ne ke da kai, ma'ana wani lokaci babu mai kai. Jadawalin darussa kan yi karo, jarrabawa biyu kan faɗo rana ɗaya, kowane sashe ya ce ka je wurin ɗayan. Ka tambaya tun yanzu ko kwas ɗin na da malami guda da ke kula da shi, da ofishin da za ka ƙwanƙwasa. Salon ba da maki ma ya bambanta. A kwamfuta, manhajarka ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. A kasuwanci za a ba ka labarin wani kamfani a ce ka kare matsayinka a rubuce, kuma amsa biyu masu karo da juna na iya samun maki mai kyau. Ɗalibai da yawa sun iya ɗaya, ɗayan na ba su haushi. Ka daure wa wanda ke ba ka haushin, domin iya rubuta shafi ɗaya da manaja zai karanta ya gane yana cikin abin da za a biya ka dominsa.

Tarkon da ya fi kama 'yan wannan kwas shi ne aikin rukuni. Za a haɗa ku biyar a ce ku gina manhaja. Nan take 'yan kwamfuta zalla za su ce, "Kai da ka san kasuwanci, riƙe rahoto da bayanin gaban aji, mu za mu yi rubutun." Za ka ji daɗi, makin ma zai yi kyau. In ka yarda sau uku, ka gama digiri ba ka gina komai ba. Ka ƙi. Ka karɓi ɓangaren rumbun bayanai ko wani yanki na rubutun, ko da kai ne mafi rauni a rukunin. Haka ma aikin ƙarshe na shekarar fita: ka zaɓi wanda za ka gina abu mai aiki, ba dogon rubutu a kan "tasirin fasaha ga kasuwanci" ba. In akwai shekarar sanin makamar aiki a kamfani, kada ka bari ta wuce ka, ko da za ta ƙara maka lokaci.

Ka kuma duba wace hukuma ta tantance kwas ɗin. Ta ƙasarka ita ce farko. Bayan ita akwai na ƙasa da ƙasa: ABET na tantance kwasa-kwasan kwamfuta da injiniyanci, AACSB na tantance makarantun kasuwanci, a Birtaniya kuma akwai BCS. Tambarinsu ba ya nufin malaman sun iya koyarwa, amma yana nuna cewa wani daga waje ya ƙirga abin da ke cikin buhun.

Kafin ranar karɓar gurbi, ga abin da nake so ka yi. Ka ware mako huɗu ka koyi farkon Python, sannan ka rubuta ɗan littafin kuɗi: a shigar da ciniki, kowanne a wuri biyu, a ƙarshe manhajar ta faɗa maka ko ɓangarorin sun daidaita. Ka lura da kanka yayin da kake yi. In abin da ya hana ka barci shi ne yadda za ka sa ta yi sauri, ko me ke faruwa a cikin na'urar sa'ad da ka danna maɓalli, to kai ɗan kimiyyar kwamfuta zalla ne. In kuwa ka tsinci kanka kana tambayar me zai faru in mai saye ya dawo da kaya, ko ya biya rabi yau rabi wata mai zuwa, ko a wane wata za a rubuta kuɗin wanda ya biya na shekara guda a dunƙule, to haɗaɗɗen kwas ɗin naka ne, muddin jerin darussansa ya tsallake gwajin da na ba ka. Ka kai wa yayanka jerin, ku ƙirga darussan kwamfuta na dole tare. In sun kai rabin digirin kuma algoridim na ciki, ka karɓi gurbin.